Daga Gungun Marke Zuwa Rigar Ƙasa

Yelwa, Yawuri
Ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Hajara, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Legas lafiya, Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da na mutum, Ya haɗa ki da mutanen kirki tun daga tasha. Innarki na ba wa wannan takarda ta cusa miki a jaka, don na san idan na tsaya gaban mota zan faɗa miki abin da ke cikinta, bakina ba zai iya ba.

Kulob ya ɗauke ki, sunanki kuma ya fito cikin waɗanda aka kira sansanin ƙungiyar mata ta ƙasa. Alhamdu lillahi. Tun kina ƙarama kike jin labarin ƙwallona, amma na daɗin kawai nake ba ku. Yau zan gaya miki wuraren da na yi tuntuɓe, tunda wurin da na tsaya a fili nan ke ma kike tsayawa, wato baya.

Kin san a Gungun Marke aka haife ni, tsakiyar kogin Kwara, tun kafin a yi dam. Baba albasa yake nomawa, yana taɓa kamun kifi. Da kwalekwale ake kawo ni makaranta Yelwa. Idan ruwa ya janye da rani, a kan yashin bakin kogi muke buga ƙwallon tsumma, ƙafa ba takalmi. Wanda ya saba gudu cikin yashi, idan ya hau busasshiyar ƙasa ji yake kamar an kwance masa dabaibayi. Ƙafafun nan su suka kai ni makarantar midil a Sakkwato, su suka kai ni Kaduna, inda wani kamfanin saƙa ya ba ni aikin akawu. Sunan aikin ke nan, amma kowa ya san ƙwallo aka ɗauke ni in buga wa kulob ɗinsu.

Na shiga Kaduna da ƙarfi kamar ɗan bijimi, kuma na ɗauka aikin ɗan baya shi ne ya sa a ji tsoronsa. Wata Asabar muka kara da wani kulob mai ɗan gaba ana ce masa Okon, siriri, ƙafarsa kamar ta ɗan rawa. Sau biyu ya yanke ni na zauna a ƙasa, 'yan kallo suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci. Da ya sake tahowa na uku, ban ma dubi ƙwallo ba, na tafi masa da ƙafa biyu. Har yau ina jin ƙarar, kamar an karya kara. Alƙalin wasa ya kore ni. Abin kunyar shi ne, ina fita wasu magoya bayanmu na tafa mini, ni kuma ƙirjina na buɗewa.

Washegari da safe kocinmu, wani dattijo Bayarabe mai suna Baba Lasisi, ya zo da kekensa ya ce in hau baya. Bai tsaya ko'ina ba sai asibiti. Muka tarar da Okon kwance, an rataye ƙafarsa. Shi ne ya fara magana, ba ko faɗa.

Ya ce, “Bawa, da ka jira kaɗan. Ƙwallon ta riga ta yi mini nisa, da ka ɗauke ta salin alin.”

Okon bai sake buga ƙwallo ba. A hanyar komawa Baba Lasisi ya tsaya da keke ya ce, “Jiya ba kulob ka tsare ba, girman kanka ka tsare. Idan har yanzu kana son ka koyi aikin, ka zo fili da asuba.” Wata uku yana sa yara masu gudu su taho mini da ƙwallo, ya hana ni kai ƙafa sai ya busa usur. A nan na koyi tsayawa, na koyi ja da baya a hankali ina kora mutum gefen layi har dabara ta ƙare masa.

Uwata, za a yanke ki, kuma za a yi miki dariya. Babu ɗan bayan da ba a taɓa zaunar da shi ba. Ki tashi ki kakkaɓe wandonki. Ƙafar yarinyar da ke gabanki ita ce gonarta, kamar yadda taki take. Ki ƙwace ƙwallo da iyakar ƙarfinki, amma ki bar ta ta koma gida da ƙafarta.

Kuskure na biyu ya fi wannan ci mini rai, don ban taɓa gaya wa ko Innarki ba. A Kaduna na ɓoye cewa ni Bagunge ne. Idan aka tambaye ni, sai in ce ɗan cikin garin Yelwa ne ni, ɗan gidan malamai. Ina gudun a ce mini mai ƙarnin kifi. Ran nan yayana Mamman ya kawo albasa Kaduna, ya tambayi hanya har ya zo filin da muke atisaye. Ya hango ni, murna ta kama shi, ya ɗaga murya ya kira ni da Gunganci, da sunan da Inna take kirana. Abokan wasana suka juyo.

Ɗaya ya ce, “Kai Bawa, wane yare ne wannan? Wane ne?”

Na ce, “Wani mutumin wajenmu ne, mai kawo mana albasa.”

Yaya Mamman yana jin Hausa sarai. Ya tsaya, ya dube ni, ya gyara hularsa, ya juya. Da aka tashi mai gadin fili ya miƙo mini kwandon kifi banda, ya ce wani baƙo ya bari a ba ni, wai in ji tsohuwata. Na kai kwandon ɗaki, na kasa cin ko ɗaya. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana tuƙa ni makaranta, shi na mai da ɗan albasa don kada yaran da ba su san garinmu ba su yi mini dariya.

A Legas za ki ji ana kwaikwayon Hausarki, wasu za su tambaye ki ko a daji Yawuri take. Ki yi dariya tare da su, ki gaya musu inda take. Duk wanda ya zo daga gida ya neme ki, ko da tsumma ne a jikinsa, ki kama hannunsa ki gabatar da shi da sunansa.

Bayan an sami 'yancin kai aka kira ni ƙungiyar ƙasa. Muna cikin waɗanda suka fara sa koriyar riga. Ranar da aka miƙo mini tawa, na shiga bayan ɗakin sa kaya na yi sujada. Wasana na farko a waje muka yi shi, a wata ƙasa maƙwabciyarmu ta masu jin Faransanci. Har kusan tashi babu wanda ya ci. Sai zuciya ta raya mini cewa idan na jefa ƙwallo a raga yau, gobe sunana ne a jarida. Na karɓi ƙwallo na haura da ita, na wuce tsakiya. Golanmu, wani Sande mutumin Jos, yana ta ihu, “Bawa, dawo! Bawa, dawo!” Na yi kamar ban ji ba. Aka ƙwace ta a ƙafata, aka cilla ta daidai gurbin da na bari. Dogon ɗan gabansu ya tafi shi kaɗai ya ci mu. Da wannan ɗaya aka tashi.

A ɗakin sa kaya babu wanda ya zage ni, kuma da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Sande ne ya zauna kusa da ni yana cire safar hannu, ya ce, “Mutum goma na gabana, amma kai kaɗai nake kwana da sanin inda kake. Yau na duba ban gan ka ba.”

Na ɗauka an gama da ni. Sai ga shi da za su zo wasa na biyu Legas, kocin ƙasa ya sake sa sunana. Ya ce mini, “Dogon nan naka ne. Ko ruwa ya je sha, ka riƙe masa moɗa.”

Ɗiyata, wannan ita ce ranar da nake so ki ji da kyau. Fili ya cika har kan itatuwa. Rana na dukan ƙeya. Dogon ya fi ni tsawo da kusan taƙi guda, amma duk ƙwallon da aka ɗago masa sai ya tarar da goshina ya riga shi. Ya koma hagu, na bi shi. Ya dawo tsakiya, ina nan. Ya taka ni, ya zungure ni da gwiwar hannu, ya yi mini zagin da ban ji ba, ban kula shi ba. Bayan hutun rabin lokaci muka ci ɗaya, muka ƙara ta biyu, fili ya ɗauka kamar zai tsage. Saura kaɗan a tashi suka sami bugun kusurwa. Idan suka ci wannan aka haɗa da ta gidansu, duk wahalarmu ta tashi a banza. Aka bugo, Sande ya fito ya naushe ta, bai same ta da kyau ba, ya faɗi. Ta sauka gaban dogon, raga a buɗe. Ni kuwa tun da na ga Sande ya fita na koma kan layi na tsaya. Ya narko ta da iyakar ƙarfinsa. Na sa kai. Na ji kamar an buga mini taɓarya, na ga wuta, amma ƙwallo ta tashi ta bayan raga. Ban gama miƙewa ba aka busa tashi.

Mutane suka ɓalle suka shigo fili. Yarabawa, Inyamurai, Hausawan Legas, ban san kafaɗar wa nake kai ba. Sande na kuka yana dukan bayana. Mai ba da labarin wasa a rediyo ya kutso ya kafa mini abin magana a baki, ya ce in gaya wa Najeriya daga ina nake. Na ce, “Sunana Bawa, Bagunge ne ni daga Gungun Marke, ƙasar Yawuri. Ina gai da Inna, ina gai da yayana Mamman da ya tuƙa ni makaranta.” Na ƙara da gaisuwa da Gunganci.

Ashe a Yelwa an taru gaban rediyon wani mai shago a kasuwa, Yaya Mamman na cikinsu. Da na zo hutu, tun daga bakin ruwa na tarar da kwalekwale sun fi ashirin, da makaɗa a ciki. Yaya ne a gaba da filafilin tuƙi a hannu. Na durƙusa zan fara ba shi haƙuri, ya ɗago ni ya ce, “Tashi, ɗan albasa ya yahe. Shiga mu tahi, Inna na jira.” Haka aka raka ni har gungu ana kiɗa, mata na guɗa daga gaɓa.

Shekara shida na yi ina sa rigar ƙasa, na riƙe kyaftin a kulob, muka ɗauki kofi sau biyu. Ban taɓa ci wa ƙasa ƙwallo ko ɗaya ba, kuma ban ji na rasa komai ba. Ki riƙe wannan: abokan wasanki su san inda za su same ki ko idonsu a rufe. Idan koci ya ce ki haura, ki haura. Idan zuciyarki ce ta ce, ki tambaye ta wa za ki bari a baya.

Sai zancen gwiwata. Kin tashi kin gan ni ina ɗingishi, na ce miki rauni ne na fili. Gaskiya ne, amma ba duka ba. A shekarar da aka gama dam ɗin Kainji, gwiwar ta yi wata biyu tana kumbura. Na ɓoye wa koci, ina ɗaure ta da bandeji cikin safa, don akwai wani yaro a benci da nake tsoron ya karɓe mini wuri. Ana haka wasiƙar Yaya Mamman ta zo. Ya ce an toshe ruwa, ya fara hawa, hukuma ta sa ranar kwashe mutanen gungu zuwa sababbin gidaje a tudu. Inna ta ce in zo in taya su ɗaukar kaya, in kuma yi sallama da kabarin Baba, wanda ya rasu shekara biyu kafin nan. Muna da wasan kusa da na ƙarshe na kofi. Na aika cewa ina nan tafe da an gama.

Minti ashirin na yi a wasan nan. Na juya zan bi ɗan gaba, gwiwa ta ce ƙas, na zube. Kafin a fitar da ni an riga an ci mu ta gefena, don tun farko ba na iya gudu. Yaron da na hana wuri ya shigo ya yi wasa mai kyau, amma aikin gama ya gama. Likita ya ce da na zo tun farko, hutun wata ɗaya ya ishe ni. Wata biyu na yi a gadon asibiti, ƙwallo kuma ta ƙare ke nan.

Da na iso gida da sanda, Yaya ya sa ni a kwalekwale ya tuƙa mu. Muka yi ta tafiya a kan ruwan da ban sani ba, faɗinsa ba iyaka. Can ya daina tuƙi, ya nuna mini wasu 'yan rassa da suka leƙo sama. Ya ce, “Marken ƙofar gida ke nan. Baba na gabas da shi.” A nan cikin jirgi na ɗaga hannu na yi masa addu'a.

Inna na same ta a sabon ƙauye wajen Shanga, cikin ɗakin siminti mai zafi kamar tanda. Ta dube ni, ta dubi sandar, ta ce, “Ka zo? Ruwa ya riga ka.” Ta tashi ta dafa ganye ta yi ta gasa mini gwiwa har sati uku.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Ciwo ba abin kunya ba ne, ki faɗa tun yana ƙarami, wuri kuma idan naki ne zai jira ki. Sannan idan aka aiko daga gida aka ce ki zo, ki auna da kyau. Kofi ana sake buga shi baɗi.

Ban zauna ina kuka ba. A ƙauyen nan na share fili, na kafa sanduna, na tara yaran da aka raba da gungunsu suna zaune ba abin yi. Cikin shekara uku muka doke Yelwa, muka doke Wara, muka je Birnin Yawuri muka ɗauko kofin ƙasar Yawuri gaba ɗaya. Daga nan aka ba ni aikin malamin wasanni, wanda na yi har na yi ritaya.

Saura kuskure na ƙarshe, kuma ke na yi wa shi. Lokacin da kika fara buga wa makarantarku, magana ta yi yawa a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Alhaji Ɗanjuma mai goro ya fi kowa zafi. Kullum sai ya ce, “Malam Bawa, ɗiya mace da gudu cikin fili? Wa zai aure ta?” Na ji kunyarsu, na zo na ɗauke takalmanki na kulle a akwati. Ba ki yi mini musu ba, kwana uku dai ba ki ci abincin kirki ba. Innarki ce ta same ni ta ce, “Malam, kai da aka ɗauka a kafaɗa a Legas, kai ne za ka kulle takalmi? Yarinyar nan da dogon wando take wasa, da ɗankwalinta, ba ta taɓa barin salla ba. Tsoron Allah kake ko tsoron Alhaji Ɗanjuma?” Na ba ta mabuɗi.

Abin da ba ki sani ba, ranar wasanku na ƙarshe a Birnin Kebbi ina wurin. Na ce muku zan je Wara gaisuwar rasuwa, na hau mota na bi ku. Na ɓuya can bayan 'yan kallo. Na ga yadda kike tsara 'yan bayanki da murya, kowa na jin maganarki. Na ga kin tare ƙwallo da ƙirji, kin ɗaga kai, kin aika ta da ƙafar hagu tun daga bayanmu har gaban 'yar gabanku, ta ci. Uwata, shekara goma sha ɗaya na yi ina wasa, hagu tawa ba ta taɓa yin wannan ba. Na yi ihu har hulata ta faɗi, wani ya taka ta. Mutumin da ke kusa da ni ya ce, “Baba, ka san ta ne?” Na ce, “Ɗiyata ce! Ni na haife ta!” Kin fi ni, kuma ina faɗa da bakina. Ki yafe mini kwana ukun nan.

Sauran ƙanana ne. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba har ƙarshe. Duk mai son magana da ke a kan wasa, ya yi ta a fili gaban mutane. Ki riƙe sallarki ko a filin jirgi ne. Ki ci abinci, ki yi barci, ki rubuto wa Innarki ko layi biyu ne.

Jiya bayan la'asar ina fitowa masallaci, Alhaji Ɗanjuma ya jawo ni gefe. Na ɗauka wata maganar ce kuma. Sai ya rage murya ya ce, “Malam Bawa, wai ran da yarinyarmu za ta buga wa ƙasa, za a nuna a talabijin? Don in sa a gyara janareto, a fito da benci.” Na ce masa za a nuna, in sha Allahu, kuma ya tanadi benci da yawa.

Allah Ya tsare ki a fili da wajen fili. Ya kiyaye ƙafarki da mutuncinki, Ya ba ki shugabanni masu adalci da abokai masu amana. Allah Ya sa a ji sunanki da alheri, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki na gaishe ki, baffanki Mamman ya ce a gaya miki duk gungu na bayanki. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Naki mahaifi,
Bawa Gungun Marke